Tela a Makarantar Tuƙin Jirgi

Makaranta ta uku ke nan da Tela ya shiga cikin kwana biyar, kuma ita ta fi kyau. Ƙananan jirage shida a jere fes-fes, ofis mai sanyi, sakatare mai fara'a.

"Shekara hamsin da bakwai ba komai ba ce, Baba," in ji sakataren. "Gemu ba ya hana ilimi. Cike takardar nan, gobe ka fara."

Tela bai karɓi biron ba. Ya je gaban allon da aka manna hotunan malaman makarantar, ya gyara tabarau, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na ƙarshe ya sake farowa. Sannan ya yi godiya ya fita. Haka ya yi a ta farko, haka ya yi a ta biyu.

Asibiti ya wuce. Matarsa na gadon ƙarshe kusa da taga, ta rame kamar tsinke, robar ƙarin ruwa a hannunta. Tun ranar Litinin likita ya ja shi gefe ya gaya masa da ƙaramar murya: sati biyu, in an yi sa'a.

"Ka samu?" ta tambaye shi.

"Tukuna."

"Saura nawa?"

"Ɗaya."

"To me ka tsaya yi a nan?"

A baranda ƙaninsa ya tare shi. "Yaya, anya kanka ɗaya? Matarka rai a hannun Allah, ka rufe shago, ɗinkin mutane jibge, kana yawon neman inda za ka koyi tuƙin jirgin sama? Kai da ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ka kira maƙwabci, don tsoron hawa kujera?"

Tela ya raɓa shi ya wuce.

Makaranta ta huɗu tana can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Rumfar kwano ɗaya, jirage biyu, ɗayan ma an buɗe injinsa. Babu allo, babu hoto. Mai makarantar, wani dattijo da baƙin mai har gwiwar hannu, ya fito yana goge yatsu.

"Gara in faɗa maka tun yanzu," ya ce. "Malami ɗaya gare ni, kuma mace ce. Wasu da sun ji haka sai su juya."

Tela bai juya ba. Ya ce yana son darasin gwaji, awa ɗaya a sama, yau ɗin nan.

Dattijon ya duba littafi ya ce layi a cike yake sai sati mai zuwa.

"Ba ni da sati mai zuwa."

Kafin dattijon ya ankara Tela ya durƙusa a kan simintin, gwiwa biyu, furfurarsa a waje. Dattijon ya ruɗe, ya ɗaga shi yana salati, ya ce ya jira ƙarfe huɗu. A takardar rajista, a gurbin suna, Tela ya rubuta sana'arsa kawai.

Awa uku ya yi a kan benci bai sha ko ruwa ba.

Ƙarfe huɗu malamar ta shigo da takarda a hannu, doguwa, ba ta wuce talatin ba. Ta ɗago kai ta gan shi, ta tsaya cik. Ta dubi takardar, ta dubi mai makarantar.

"Wannan ne ɗalibin?"

"Shi ne. A bi shi a hankali."

Dattijon yana tsaye yana kallonsu. "Mu je, Malam," ta ce, murya kamar ƙanƙara.

Ta zagaya jirgin tana yi wa fukafukai bayani maimakon shi. Ta nuna masa bel ɗin kujera da abin ji na kunne ba tare da idonta ya taɓa nasa ba. Wurin zaman ya matse, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Injin ya yi ruri. Ƙasa ta fara gudu, sannan ta sake su. Tela ya runtse ido, ya damƙe kujera, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Da ya buɗe, gidaje sun koma kamar maɓallai a faranti, gumi ya jiƙe rigarsa.

"Kama sitiyarin," muryarta ta shigo kunnensa.

Hannunsa bai motsa ba.

"Malam, ka zo koyo ko ka zo ɓata mini lokaci?"

"Ban zo koyo ba," ya ce. "A ƙasa ba za ki tsaya ba. Na kira, an kashe. Na aika, an dawo da saƙon. Nan ne kaɗai babu ƙofar da za ki buga ki fita. Ni na yaga takardarki ta shiga makarantar tuƙin jirgi, ni na ce in kika hau jirgi ba ni ba ke. Ki riƙe ni da shi har abada, na yarda. Amma ita ba ta yi miki komai ba. Sati biyu likita ya ce, an ci kwana biyar."

Ta zuba wa gabanta ido, muƙamuƙinta na motsi. Can sai jirgin ya karkata, ya juya hanci zuwa filin sauka, ta share fuska da bayan hannu.

"Baba," ta ce, karon farko cikin shekara goma sha ɗaya, "a wane asibiti aka kwantar da Mama?"