Tela da Rawar Gauraka

To ni dai na miƙa wa Kawu Tanimu wayar, na ce ya duba min hotunan nan biyu, madubin hangen nesa ne, irin mai ido biyu da ake kallon tsuntsaye da shi. Ɗaya mai araha, ɗaya kuwa kuɗinsa sai ka sayar da akuya da 'ya'yanta. Na ce, "Kawu, kaina ya kulle wallahi, wanne zan ɗauka?" Ko kallon wayar bai yi ba. Ya gyara zama a kan tabarma ya ce in saurara.

Wai akwai wani tela da ya tashi a bakin fadama. Yana yaro mahaifiyarsa takan ba shi labarin yadda gauraka ke rawa, miji da mata, su rusuna wa juna, su buɗe fiffike, su yi tsalle, tukkun nan na kansu mai ruwan zinare yana kaɗawa. Shi bai taɓa gani ba, don kafin ya yi wayo gauraka sun ƙaurace wa wajen. Ya koma birni, ya tsufa a kan keken ɗinki, har yanar ido ta fara rufe masa gani, zare ma sai ya lalubi kafar allura. Ana nan sai labari ya zo masa cewa an ga gauraka biyu sun dawo fadamar garinsu, amma ba sa yarda mutum ya matso, sai dai hange. Ya ce lallai zai ga rawar nan kafin idon ya ƙarasa. Ya je wajen mai sayar da madubin hangen nesa, mutumin ya san shi, ya ce ya tafi da guda biyu ya gwada, wanda ya yi masa ya riƙe, ɗayan ya dawo da shi. Mai arahar ba nauyi, kana ɗagawa ka kama abin da kake nema, sai dai hoton da ɗan hazo, gefensa kamar an shafa mai. Mai tsadar kuwa garau, har gashin tsuntsu za ka rarrabe, amma nauyi gare shi, hannun tsoho na rawa, kuma sai ka murɗa ka daidaita kafin ya nuna maka komai. Tela ya rataya duka biyun a wuya ya tafi.

Da hantsi yana tsugune a bayan ciyawa, ga belbela, ga zalɓe, ga kirinjijiya suna ta hayaniya, sai ga gauraka sun sauka can ƙetaren ruwa. Ya ɗaga mai araha, ya gan su, tsaye, ɗaya ya fara sunkuyar da kai. Maimakon ya tsaya a nan, sai zuciyarsa ta ce, wannan fa da mai tsadar ne da har tukkun ka gani. Ya sauke, ya ɗaga mai tsada. Hannu ya hau karkarwa, sai ciyawa yake gani, kowane kara garau, amma ba tsuntsu. Ya murɗa, ya murɗa, ya kamo ƙafar ɗaya. Ya ce a'a, ashe na farkon ya fi saurin kamawa. Ya koma, ya ga inuwa biyu na motsi cikin hazo, ya ce kai, wannan ai ba gani ba ne. Zai sake sauyawa, igiyoyin suka harɗe a wuyansa, ya sunkuya yana warwarewa da yatsun nan da suka saba kwance zare. Yana cikin haka ya ji kukansu a sama. Wani mai kiwo da ke wucewa da shanu ya ce masa, "Baba, ka more, yau sun daɗe suna rawa." Tela ya koma gida. Duk wanda ya tambaye shi bambancin madubin nan biyu, zai zayyana masa tiryan-tiryan, wanne ya fi haske, wanne ya fi nauyi. In ka ce ya rawar take, sai ya koma zancen madubi. Kafin wata shekarar ta zagayo, idon ya rufe.

Kawu ya miƙo min wayata ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa."

Shi ke nan fa, ya tashi ya ɗauki buta. Na bi shi ina cewa, "Kawu, na ji, amma wanne ɗin?" Ya ce, "Kai ma ka fara harɗa igiyar." Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ni ma tun damina nake buɗe hoton nan ina rufe wancan, shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiyar bayan gidanmu, ta ƙyanƙyashe, ta tafi da 'ya'yanta, ban kalle su ko sau ɗaya da kyau ba, ina nan ina karanta ra'ayoyin mutane a waya. Na gane kar in riƙe biyu. Abin da har yanzu ban gane ba, da tela ya tsaya da ɗaya, wanne ya kamata ya tsaya da shi? Wanda zai nuna masa rawar duka cikin hazo, ko wanda zai nuna masa ƙafa ɗaya garau? Kai da kake karantawa, in kai ne a bayan ciyawar nan, wanne za ka bari a wuyanka?