Ƙafafun Ni Na Haife Su

Ana kashe fitilun silima a Hollywood, wata budurwa ta saci kallon tsohuwarta da ke zaune kusa da ita. Ta cika wa mahaifiyarta baki cewa tana cikin fim ɗin, alhali ko inuwarta babu. Aikinta kawai ta sa takalma masu ƙarfe a ɗakin ɗaukar sauti, ta buga wa jarumar fim ɗin ƙarar rawa.

Jaruma ta fara juyi a allo, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Tsohuwa ta miƙe zumbur, gugguru ya watse.

"Ƙafar 'yata ce wannan!"

"Mama, zauna, ana kallonmu!"

"Su kalla mana! Shekara da shekaru ƙarar nan tana hana ni barcin rana. Ke mai gashin zinariya, riƙe fuskarki, amma ƙafafun nan ni na haife su!"