Filin 'Yan Koyo

Da wani ɗan koyo ya harbe shi a wasan yaƙi na intanet, Gwani ya kai wa talabijin naushi. Na biyu ya sauka a gilashin taga. Gilashin ya tarwatse, ya yanke masa hannu har ƙashi, jini ya yi tsartuwa a bango.

"Sun sauƙaƙa wasan saboda ragwaye," yake faɗa yana huci. "Shekaru ina gumi, yau kowane sakarai ya kashe ni."

Ƙanwarsa ta ɗaure hannun da tawul. "Yaya, wasa ne fa."

"Ga irinku."

Likita ya ɗinke, amma jijiya ta tsinke, yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Da ya warke, ya koma ƙungiyar gwanayen wasan da shi ya kafa. Bayan zagaye ɗaya na wasan suka kore shi. "Nan ba asibiti ba ne," in ji mataimakinsa.

Daga baya ya shiga filin 'yan koyo, yana danna maɓallan wasan da babban yatsa.

Muryar wata mata ta fito daga lasifika: "Sabo ne kai? Tsaya bayana, zan kare ka."