Sharaɗi na Bakwai

Da koren biro Babban Akawu ya sa hannu a fom ɗin, irin sa hannunsa na tun yana aiki, mai doguwar jela da ke nannaɗowa ta ƙasa, wanda matarsa ke cewa kamar ƙadangare ya faɗa cikin tawada ya fito. Ya tura takardar ta ƙarƙashin gilashi. Matar da ke taga ta uku a ofishin jakadancin ta daɗe tana kallonta, ta ce ya ɗan jira, ta shige ciki da ita. Da ta dawo sai ladabinta ya ƙaru, har kujera ta sa aka kawo masa. Ya ce a ransa, ashe har yanzu akwai masu sanin darajar manya.

Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, an kai shi ma'aikata shida, ko bakwai ne, shi kansa yakan rikice. Yanzu ya yi ritaya, an ba shi wata huɗu ya tashi daga gidan gwamnati. 'Yarsa tilo tana aure a wata ƙasa, ta gyara musu ɗaki mai taga biyu, ta ce su zo su huta kusa da jikoki. Matarsa tuni ta rabar da kajinta, ta ɗaure tukwane a kwali. Abin da ya rage kawai izinin zama na masu ritaya.

Sharuɗɗan tara ne. Ya karanta su yana gyaɗa kai, don rubutun ya burge shi: gajere, babu kalmar banza. Ya gaya wa matarsa cewa duk wanda ya tsara wannan takarda ya san aiki. Na bakwai ya ce a kawo takardar likita wadda ba ta wuce kwana ashirin da ɗaya ba, haɗe da takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi, mai ɗauke da lambar takardar likitan.

Likita ya duba shi a yini ɗaya. 'Yan sanda suka karɓi lambar, suka ce tasu sai bayan kwana talatin, haka tsarin yake. Ranar da ya kawo takardun biyu, matar taga ta duba kwanan wata, ta ce cikin tausayi, "Baba, ta likita ta mutu."

Ya yo sabuwa. Ta ce lambar sabuwar ba ita ce a jikin ta 'yan sanda ba. Ya koma wurin 'yan sanda da sabuwar lamba, suka ce kwana talatin.

A dogon bencin ofishin akwai tsofaffi da suka zama kamar 'yan gida. Akwai wata malamar makaranta da ta shekara uku tana zuwa, har ta saƙa wa kusan kowa hula. Akwai wani tela da ya san duk likitocin garin da irin sanyin hannun kowannensu. A makon farko Babban Akawu ya yi musu lacca cewa ofis ba ya wahalar da wanda ya iya karanta umarni. A wata na uku malamar ta auna kansa da zare, za ta saƙa masa tasa hular.

A gida kuwa, matarsa ta kwance kwalin ta ciro tukunya ɗaya, bayan mako ta ciro ta biyu. Wasiƙar tashi ta zo, saura kwana goma. 'Yarsa ta kira ta ce jikarsa kullum sai ta share ɗakin nan, tana tambaya ko Kaka ya fasa ne.

Washegari ya tsaya a taga ta uku ya ce ba zai gusa ba sai ya ga shugaban sashe. Abin mamaki, nan take aka shigar da shi, kamar dama ana jiransa. Shugaban mutum ne mai furfura da sanyin murya. Ya sa aka kawo shayi.

Babban Akawu bai taɓa shayin ba. Ya buga tebur ya ce, "Wane marar imani ne ya zauna ya rubuta wannan? Ko dai bai iya ƙidaya ba, ko kuma ba shi da uwa."

Shugaban ya ce ƙidaya kam wanda ya rubuta ya iya, don da gangan aka sa tazarar kwana taran nan. Ya bayyana masa cewa ƙasarsu ba ta da wannan doka tun asali. Ramuwa suke yi: duk abin da wata ƙasa ta ɗora wa tsofaffinsu, su ma sai su ɗora wa nata, kalma da kalma. Ya ce mahaifiyarsa ta so ta zo nan ƙasar ta zauna da ƙaninsa. Shekara huɗu ta yi a kan benci irin wancan, ta rasu da takardar likita ta goma sha ɗaya a cikin jakarta.

Babban Akawu ya yi mata addu'a. Ya ce wanda ya yi wannan aika-aika ya kamata a nemo shi, a zaunar da shi a bencin nan har ƙarshen ransa.

"Mu ma fatanmu ke nan, ranka ya daɗe," in ji shugaban. "Shekara ashirin muna jira."

Ya jawo aljihun tebur, ya ciro ainihin wasiƙar sharuɗɗan da gwamnatin ƙasar nan ta aiko musu a wancan lokaci, ta yi ja don tsufa, ya shimfiɗa ta a gabansa. A ƙasan sharaɗi na tara, da koren biro, ƙadangaren nan ne kwance da doguwar jelarsa.