Sai Bayan Biki

"A saka masa bututun numfashi," in ji 'yarsa.

Tsohon yana kwance a wani asibiti a Durban, Afirka ta Kudu. Shanyewar jiki ta ɗauke masa baki, ta bar masa kunne. Tun da sauran ƙarfinsa ya je gaban lauya ya sa hannu: idan ciwo ya ci ƙarfinsa, kada a riƙe shi da na'ura. Ya tsallake 'ya'yansa maza, ya damƙa mata wuƙa da nama, don ita ce mai tausayi.

"Ba haka ya rubuta ba," in ji likita.

"Likita, shanun sadakina sun riga sun shiga garkenmu. In ya mutu yanzu, a al'adarmu makokin shekara guda ne, babu biki. Haba Baba, ɗan kwana nawa ne? Kai da ka tsufa a ramin haƙar kwal!"

Aka saka bututun, aka sha biki. Tsohon ya yi ta jiran ta har damina ta wuce.

Ran da ta dawo, ya kafa mata ido yana roƙo. Ta ɗauki hannunsa da ya shanye, ta ɗora a kan cikinta da ya taso.

"Ka ji jikanka yana motsi? Mai ciki ba ta zuwa bakin kabari, Baba. Ka ƙara haƙuri."