Manifol Ɗan Beljiyam

Noti na shida ne ya ƙi kwancewa. Na zuba masa man birki, na jira ya jiƙa tsatsar, mutum huɗu suna tsaye a kaina.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai turbo, ta Madam Dinah, mai sarin riɗi da shinkafa a Yalwawa. Ɗana Saifuddeen ne yake tuƙa mata. A cikinta ya rasu, kwana goma sha tara kafin wannan rana.

Ranar kasuwar Jahun ce, ruwa ya tsuge da azahar. Ya ɗaga gilasai, ya bar injin yana aiki, yana jiran a gama auna kaya. Da 'yan dako suka buɗe ƙofa, kansa yana kan sitiyari. Likita ya ce hayaƙi ne. Ni bakanike ne shekara talatin da ɗaya, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Manifol ne ke kwashe hayaƙi daga injin ya miƙa wa salansa. In ya tsage, hayaƙin sai ya bi ramin wayoyi ya shiga wurin direba.

Abin da ya ƙona min rai, sati uku kafin nan an canza shi. Ba a kawo wurina ba. Madam tana da bakanikenta, Francis, ɗan cocinsu. Ya ce mata ɗan Beljiyam ya sayo, wato na hannu mai kyau daga waje.

Bayan addu'ar bakwai na kai ƙara. Aka kama Francis, aka rufe garejinsa. Matarsa ta zo gidana a Limawa da goyo, ta durƙusa a zaure. Ban fito ba. Na ce a gaya mata ni ma jikana marayan goyo ne.

Ni na nemi a bar ni in cire manifol ɗin da hannuna a gaban shaidu, in sa wani. Aka yarda. Ga ɗan sanda, ga Madam, ga Alhaji Zailani shugaban ƙungiyarmu ta kanikawa, ga Francis da ankwa a hannu.

Notin ya saki. Na zare bututun mai, na janye turbo gefe, na ɗago ƙarfen na ajiye a kan buhu. An shafe shi da baƙin fenti, yana ta ƙyalli. A ƙasan reshen manifol ɗin na uku baƙin hayaƙi ya zana layi kamar tsawon yatsa.

"Baba, wallahi haka na sayo shi," in ji Francis. "Mai shagon ya bar gari. Ni ko walda ban iya ba, kowa ya sani."

"Ba ka iya walda ba, amma ka iya kisa," na ce.

Na kankare fentin da wuƙa. Walda ta bayyana, an bi tsagar da ita, zafi ya sake buɗe ta. Na daɗe ina kallonta.

Alhaji Zailani ya fara laluben tabarau a aljihu. A garin nan walda kamar rubutu ce, kowa da hannunsa, shi kuwa ya san hannun kowa tun daga Dutse har Kiyawa.

"Ɗanmusa, miƙo in gani," ya ce da ni.

"Bari in buɗe maka tsagar sosai, Alhaji, kowa ya ga zurfinta."

Na jawo injin gurza ƙarfe. Tartsatsi ya tashi, Madam ta ja baya tana kare fuska. Ban ɗaga hannu ba sai da wurin ya yi sumul, tsagar ta fito fili, har ana hango haske ta ciki.

"Kai, ai ka cinye waldar duka," in ji Alhaji.

"Tsagar ce ta kashe min ɗa."

Ya daina laluben tabarau. Wa zai yi jayayya da uban mamaci? Ɗan sanda ya ɗauki hoto da waya, ya rubuta cewa an sa wa mota fasasshen kaya da sunan mai kyau.

Na goge fuskar injin, na sa sabon gasket mai hana hayaƙi sulalewa, na ɗora wani manifol ɗin. Na ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yadda ƙarfe ba zai karkace ba. Na mayar da turbo, na toshe ramin wayoyi da roba. Da na tayar da injin na bi gefen da tafin hannu, babu inda iska ke fita. Aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata ke nan, kuma babu wanda zai amfana da shi a gidana.

Madam ta miƙo min ambulan tana kuka. Na ce ta riƙe abinta. Aka tura Francis cikin motar 'yan sanda, yana ta kiran sunana, yana cewa in dubi Allah in dubi 'ya'yansa. Na juya na wanke hannu da fetur.

Yau watan Francis biyar a gidan yari yana jiran shari'a. An ce matarsa ta sayar da kayan garejin ta koma garinsu. Lauyansa ya roƙi a nemo wanda ya yi waldar, aka ce babu sauran abin da za a duba.

Mutane suna yaba min haƙuri. Suna cewa ban taɓa tambayar wane azzalumi ne ya liƙe mataccen ƙarfe, ya shafa masa fenti, ya kai shago aka sayar a matsayin ɗan Beljiyam ba.

Ba ni da abin tambaya. Tun kankarar farko na ga waldar ta tafi daga dama zuwa hagu, kuma duk garejojin Dutse ni kaɗai ne bahago.