Kunnen Hagu

Tana shanya kifi a bakin tafki wani ɗan sanda ya miƙo mata waya.

"Inna, duba wanga hoto. Kyamara ta ɗauke shi ranar da aka fasa wani shago a Yelwa. Na'urarmu mai gane fuska ta ce ɗanki ne."

"Ɗana ruwa ya ci shi," in ji ta. "Bara, da jirgin 'yan kasuwa ya kife."

"An ga gawa?"

Ba a gani ba. Masunta sun yi ta nema har suka gaji, liman ya yi masa salla babu gawa, kowa ya koma harkarsa. Ita kaɗai take fitowa kullum tana kallon ruwa.

Ta kawo wayar kusa da idonta. Goshin nasa ne, har da yadda yake karkatar da kai. Amma kunnen hagun wannan saurayi lafiya lau yake, shi kuwa ɗanta ƙugiya ta tsaga nasa tun yana ƙarami. Ita ta riƙe shi aka ciro ta.

"In shi ne, me za ku yi?"

"Na'urar ba ta barci, Inna, ba ta mantuwa. Duk inda ya shiga sai ta gano shi."

Ta dubi tafkin, ya yi lif kamar bai taɓa cin kowa ba. Ta ɗora babban yatsanta a kan kunnen da ke cikin hoton, ta rufe shi.

"Shi ne," ta ce. "Don Allah, kada ku daina nema."